Amsa kan fim ɗin mai yanke yatsu: rashin Oscar bai raba muku gardama ba

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kun kalli The Banshees of Inisherin a majalisarku ta Ƙofar Ƙaura, aka tashi baram-baram. Wasu na cewa hauka ne tsagwaronsa, ina dalilin mutum ya yanke yatsunsa don kawai ya gaji da abokinsa, wasu kuma na cewa sun daɗe ba su ga fim irinsa ba. Sai wani ya kawo hujjar cewa an sa fim ɗin takara sau 9 a Oscar, babbar gasar fina-finai ta Amurka, bai ɗauki ko ɗaya ba, saboda haka masu kushe ne da gaskiya. Kana tambaya ko haka ne, da kuma ko fim ɗin Hausa mai irin wannan salo zai iya kai labari a gasa. Wanda bai kalla ba ya tsaya a nan, don zan tona labarin.

Rabuwar kan da kuka yi ba ku kaɗai ba ne, haka irin wannan fim yake yi wa 'yan kallo ko'ina, kuma da gangan aka gina shi haka. Dubi yadda Martin McDonagh, marubucin fim ɗin kuma daraktansa, ya jera abin. Shekarar 1923 ce, a wani tsibiri na ƙasar Ailan, ana jiyo ƙarar bindigogin yaƙin basasa daga tsallaken ruwa. Pádraic ya je ɗaukar amininsa Colm kamar kullum, Colm ya ƙi kula shi. Da aka matsa masa, sai ya ce surutun banzan Pádraic na cinye masa sauran kwanakinsa, har akwai ranar da ya yi awa biyu yana ba shi labarin abin da ya gani a kashin dabbarsa. A nan kowa dariya yake yi. Da Colm ya ce duk ranar da Pádraic ya sake yi masa magana zai yanke yatsa ɗaya, har yanzu dariya ake, don an ɗauka cika baki ne. Sai ga yatsa an jefo a ƙofar gida. Daga nan dariyar ta fara maƙalewa a wuya, kuma lokacin da jakar Pádraic, wato macen jakin da yake kiwo, ta shaƙe da ɗaya daga cikin yatsun ta mutu, babu mai iya dariya kuma. Wanda ya zauna da niyyar kallon barkwanci zai ji an yaudare shi. Wanda ya zauna da niyyar kallon fim na tausayi zai ji an yi wasa da abin da ba a wasa da shi. Masu yabo su ne waɗanda suka yarda a ja su daga wannan zuwa wancan.

Abin da nake so masu cewa "ba al'adarmu ba ce" su tuna shi ne jika da kakarsa. Yaro zai dubi tsohuwa ya ce mata yaushe za ta tafi su ci gumba, ta ɗaga sanda ta bi shi, gida ya kwashe da dariya. Maganar mutuwa ce ƙarara, amma ba wanda ya ji haushi, saboda an san wa ya faɗa, wa aka faɗa wa. Baƙo ya faɗi wannan kalma, sai an kai ruwa rana. Baƙin barkwanci a fim, wato ba da dariya da abin da ya shafi mutuwa ko bala'i, shi ma haka yake: sai mai kallo ya yarda cewa mai fim ɗin na da hurumin yin wasan.

To, batun kyaututtuka. Cewa fim ɗin bai ci komai ba ba daidai ba ne. A bikin fina-finai na Venice a 2022, Colin Farrell, wanda ya fito a Pádraic, ya ɗauki kambun jarumi, McDonagh ya ɗauki na rubutun labari. A Golden Globe na Janairun 2023 ya ci guda 3, har da gwarzon fim a ɓangaren barkwanci da kiɗa. A BAFTA ta Birtaniya ya ci 4: gwarzon fim ɗin Birtaniya, rubutun labari, sai Kerry Condon da Barry Keoghan a matsayin mataimakan jarumai. A Oscar na Maris 2023 ne kawai ya koma hannu rabbana, kuma dalilin a fili yake. Shekarar ta Everything Everywhere All at Once ce, wanda ya kwashe 7, ciki har da gwarzon fim, darakta, rubutun labari da duka kambunan mataimakan jarumai biyu. Kusan duk inda Banshees ke da ƙarfi, nan wancan ya tare. Kambun jarumi kuwa Brendan Fraser ya tafi da shi. Ƙari a kan haka, Brendan Gleeson, wanda ya fito a Colm, da Keoghan rukuni ɗaya suka shiga, mai son fim ɗin dole ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Akwai kuma abin da yawancin masu gardama ba su sani ba, wato yadda ake ƙirga ƙuri'ar gwarzon fim. Masu zaɓen Oscar ba 'yan kallo ba ne, ba kuma 'yan jarida ba, 'yan masana'antar ne da kansu, mutum wajen dubu 10, kuma reshen 'yan wasa ya fi kowane yawa. A zagayen farko kowane reshe ke fitar da 'yan takararsa: daraktoci su fitar da daraktoci, marubuta su fitar da marubuta. Gwarzon fim ne kowa ke da baki a ciki tun farko. A zagayen ƙarshe, sauran rukunan wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da ratar ɗaya ce. Amma gwarzon fim, tun daga bikin 2010, ba haka ake yi ba. Mai zaɓe yana jera fina-finan ne daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi. In babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe, a duba takardun waɗanda suka sa shi a farko, a ba wanda suka sa na biyu. Haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi.

Ga misali da ƙananan lambobi don a gane. A ce masu zaɓe 100 ne, fina-finai uku. Baƙin barkwancin ya samu 40 a matsayin na farko, wani fim mai sanyin hali ya samu 35, na uku ya samu 25. Da irin zaɓenmu na siyasa ne, mai 40 ya ci. A nan kuwa sai a cire mai 25. In 20 daga cikin mutanensa sun sa mai sanyin halin a na biyu, 5 kacal suka sa baƙin barkwancin, lissafi ya koma 55 da 45. Fim ɗin da ya fi kowa masoya na haƙiƙa ya faɗi, wanda ba wanda ya tsane shi ya ci. Shi ya sa duk fim ɗin da ke raba majalisa gida biyu, kamar yadda ya raba taku, yake shan wahala a wannan rukuni, amma yakan tsira da rubutun labari ko wasan jarumai, inda masoya 40 sun isa.

Tarihi ya nuna hakan. Fargo na 1996 ya ci jaruma da rubutun labari, gwarzon fim ya kuɓuce masa. Three Billboards Outside Ebbing, Missouri, shi ma na McDonagh, ya ci Golden Globe, ya ci BAFTA, sai surutu ya taso cewa fim ɗin ya wanke ɗan sanda mai wariyar launin fata cikin sauƙi. A daren Oscar na 2018 jaruman fim ɗin, Frances McDormand da Sam Rockwell, suka ci nasu, gwarzon fim ya tafi ga The Shape of Water. Parasite na Koriya ta Kudu ne ya tsallake, ya ci 4 a Fabrairun 2020 bayan ya ɗauki babbar kyautar Cannes a 2019, kuma shi ne fim na farko da ba da Turanci ba da ya zama gwarzo. A ganina ya tsallake ne don bai raba kai ba. Dariyarsa a kan ratar mai kuɗi da talaka take, kowa ya san inda ta dosa, har wanda bai sa shi na farko ba ya sa shi na biyu.

Saboda haka in kana son hasashen fim irin wannan, ka bar ƙirga masu zagi da masu yabo a Facebook. Ka duba abu uku a watannin Janairu da Fabrairu: ƙungiyar furodusoshi ta PGA, don ita ma jerawa take yi kamar Oscar, ƙungiyar daraktoci ta DGA, da ƙungiyar 'yan wasa ta SAG. Masu zaɓe a waɗannan da yawansu su ne masu zaɓe a Oscar. A 2023 duka ukun Everything Everywhere suka ba, tun daga nan magana ta ƙare. Golden Globe kuwa takan ruɗi mutane, don ta raba barkwanci daban, fim mai nauyi daban, alhali Oscar kwando ɗaya take zuba su.

Sai tambayarka ta biyu. Ƙofar da fim ɗin Hausa zai bi ita ce rukunin fina-finan ƙasashen waje, kuma ba mafarki ba ne, don an riga an bi ta. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa a shekara, a Najeriya kwamitin NOSC ke zaɓa. The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ce, shi aka tura don bikin 2021. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a nan Daura, Adam A. Zango na ciki, shi aka tura don bikin 2025. Dukansu ba su shiga jerin 15 da ake tacewa kafin a fitar da 5 na ƙarshe ba, amma sun cika sharuɗɗa, abin da Lionheart na Genevieve Nnaji ya kasa a 2019 saboda Turanci ya rinjayi maganar cikinsa. A nan harshenmu riba ne.

Sharuɗɗan da ke kayar da mutanenmu ba na basira ba ne. Fim ya wuce minti 40. Fiye da rabin magana ta zama ba Turanci ba. A nuna shi a silima ta kasuwanci, da tikiti, kwana 7 a jere, cikin wa'adin shekarar. Kuma kada a sake shi a YouTube ko talabijin kafin silima, wanda shi ne ainihin inda sabonmu na yanzu ke cin karo da ƙa'ida, tunda kasuwar ta koma masu dogon zango a intanet. Wanda ya ɗora fim a tasharsa daren da aka gama tacewa ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

In an cika waɗannan, baƙin barkwanci na da matsalolinsa na daban, kuma ga inda aka fi yin tuntuɓe. Na farko kiɗa. An saba a camama in an faɗi abin dariya a buga wani ɗan sauti don a sanar da mai kallo. A wannan salo yin haka kashe fim ne, don duk daɗin yana cikin rashin sanin ko a yi dariya ko a yi shiru. Na biyu jarumi. Marigayi Ibro da fuska da murya da shiga yake ba da dariya, kuma a fagensa babu kamarsa, amma wannan fage akasin nasa ne. Dubi Farrell: ko sau ɗaya bai nuna ya san abin da yake faɗa abin dariya ne ba, mutum ne da zuciyarsa ta karye, mu ne muke dariya. Da zarar ɗan wasa ya kashe wa kyamara ido, an koma camama. Na uku, wa ake yi wa dariyar. A ce labarin zaman makoki ne, 'ya'ya na karɓar gaisuwa ido na kan makullin shago. In dariyar ta faɗa kan kwaɗayin magada, 'yan kallo za su bi ka, don kowa ya taɓa gani. In ta faɗa kan gawa, ko likkafani, ko sallar jana'iza, ka rasa su gaba ɗaya, kuma kafin su hukumar tace fina-finai za ta tare ka. A gyara wannan tun a takarda, ba a ɗakin tacewa ba.

Na huɗu shi ne fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, kuma nan ne barkwancin Hausa ke mutuwa a gaban alƙalan waje. Layi biyu kawai ake da shi, kowanne haruffa wajen 42, kuma sai ya bayyana daidai lokacin da aka faɗi maganar. In rubutun ya riga baki, an tona dariyar kafin ta zo. In ya makara, mai kallo na karatu an wuce. Habaici, zambo da karin magana ba sa jure wannan matsi. Wanda ke nufin gasar waje sai ya gina rabin dariyarsa a kan abin da ido ke gani, kamar yatsan nan a bakin ƙofa, wanda ba ya buƙatar tafinta. A kuma ba aikin fassarar ga wanda ya iya harsunan biyu kuma yake da kunnen barkwanci, a gwada ta a kan wanda ba ya jin Hausa, a zauna a bayansa a lura da inda ya yi dariya da inda ya yi zuru.

Ni dai da za a bi shawarata, ba da Oscar za a fara ba. AMAA da AMVCA, gasannin fina-finan Afirka, sun fi kusa, The Milkmaid ma sai da ya zama gwarzon fim a AMAA ta 2020. Sai dai a lura, a AMVCA wasu rukunan ƙuri'ar jama'a ce, wasu na alƙalai. Fim mai raba kan 'yan kallo ya nemi na alƙalai, musamman rubutun labari, ya bar na ƙuri'ar waya ga jaruman da ke da miliyoyin mabiya.