Kwana Ɗaya a Kolosiyam: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwana ɗaya tak zan yi a birnin Rum. Zai ishe ni ganin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, da kufan da ke kewaye da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai isa, muddin ka yi sammako. Sayi tikiti ta intanet tun kafin tafiya, domin kowane tikiti da sa'ar shigarsa, kuma sunanka ke kai, don haka riƙe fasfo. Wanda ya makara, sa'arsa ta wuce ke nan. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B, ka sauka a tashar Colosseo.

An buɗe ginin a shekara ta 80 miladiyya, zamanin Sarki Titus, yana ɗaukar 'yan kallo kusan 50,000. Ɗakunan ƙasa, inda a da ake tsare namun daji da mayaƙan wasa, tikitinsu daban ne kuma yana saurin ƙarewa. A ganinmu ya cancanci kuɗinsa.

Tikitinka ya haɗa da kufan da ka ambata: Dandalin Forum, cibiyar tsohon birnin, da Tudun Palatino, inda fadojin sarakuna suke a da. Inuwa ta yi ƙaranci a can, duwatsun hanya kuma da santsi, sai ka tanadi ruwa da takalmi mai riƙo. Babbar jaka ba ta shiga. Ƙofar tunawa da nasarar Sarki Kwanstantin, ta shekara ta 315, tana gefen Kolosiyam, kallonta kyauta ne.