Amsa: Tirela mai giyar hannu ko otomatik?

Malam, ka ce za ka sayi DAF tokumbo don jigilar hatsi daga Dawanau zuwa Legas, kana tambayar wacce giya ta fi. Ni dai shawarata, ɗauki ta hannu.

Abin da ake kira otomatik a manyan motoci, irin I-Shift na Volvo ko AS Tronic da ke cikin DAF, giyar hannu ce aka ɗora mata kwamfuta. Kulocin yana nan, iska ce ke taka shi maimakon ƙafarka. To a nan gizo ke saƙar. Iska ta yi yoyo ko batir ya yi sanyi, giya ba za ta shiga ba. Na taɓa kwana biyu a gefen titi kusa da Mokwa saboda wata 'yar waya da ta ci tsatsa, sai da aka taso mai na'urar bincike daga Ilori. Da ta hannu ce, bakanike na bakin hanya zai kwance ta, kayanta kuma ga su a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano.

Ba na raina otomatik fa. Ranar da cunkoson Apapa ya riƙe ka, ƙafar hagu na rawa don taka kuloci, za ka so ta. Kuma tana kare mota daga sabon direba mai ƙona kuloci.

In ka nace sai ita, a jona mata na'urar bincike a duba lafiyarta kafin ka biya kuɗi. In kuma ta mutu za a ja ta, a fara cire farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya, kada giyar ta lalace.