Ga ɗanmu da ya tambaya ko mai bi yana da izinin tunani

Salama a gare ka, ɗana. Tun shekaranjiya na karanta abin da ka rubuta, amma na bari sai da na sami natsuwa, domin ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce kana karatun aikin gona a jami'a, ka zo hutu gida, a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa ka tambayi yadda kwana shida na littafin Farawa zai zauna da abin da ake koya muku, cewa duniya ta kai shekara biliyan huɗu da rabi. Wani babba ya katse ka, ya ce mai bi ba ya tambaya, boko ya fara cin ka. Shi ne kake so ka sani: ashe sai mutum ya jingine hankalinsa a waje kamar keke kafin ya shiga majami'a?

Ni dattijon ikilisiya ne a wani ƙauye cikin ƙasar Sumaila. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aiki a ɗakin shan magani, yanzu na koma gona gaba ɗaya. Zan fara maka da mahaifina, don abin da aka faɗa maka shi ma an taɓa faɗa masa, sai dai ba a majami'a ba.

Baba Bamaguje ne, yana da kan gida, yana yi wa iskoki yanka kamar yadda ya tarar. Wata shekara baƙon dauro ya shigo garinmu, tun ba a haife ni ba. 'Ya'yansa uku suka kwanta. Boka ya ce a kawo jan zakara, aka kawo. Ya ce baƙar akuya, Baba ya sayar da damin dawa ya saya, aka yanka a gindin tsamiya. Cikin kwana tara aka binne yaran duka uku. Maƙwabcinsa kuwa, wanda ko kaza bai yanka ba saboda talauci, nasa biyun suka tashi. Baba ya koma wurin boka ya zauna, ya ce ba faɗa ya kawo shi ba, so yake a gaya masa dalili. Boka ya ce da shi ba a tambayar iskoki. Har Baba ya tsufa, idan ya zo nan a labarin sai ya yi shiru ya kalli ƙasa.

Bayan haka wani mai bishara ya riƙa zuwa garin da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wancan tsohuwar fassarar ta 1932. Baba ya ɗora masa tambayar nan. Mutumin bai yi masa ƙarya ba, ya ce bai san dalilin da ya sa nasa suka mutu na maƙwabci suka rayu ba, amma in yana so zai koya masa karatu ya duba da idonsa wane irin Allah ne ake maganarsa. Baba ya koyi a, ba, ca yana da furfura a gemu. Damina uku ya yi yana karatu yana gardama kafin ya yarda a yi masa baftisma. Saboda haka idan na ji an ce wa yaro a cikin ikilisiya "ba a tambaya", raina yana ɓaci ƙwarai, domin muryar bokan nan nake ji. Mu da muka fito daga tsafi, tambaya ce ta buɗe mana ƙofa.

To mece ce bangaskiyar? Ka saurari kalmar da kunnen Bahaushe: ba da gaskiya. Wani ake ba wa. Ba wai tara wasu maganganu a ka ba ne kawai a ce an yarda da su, gama Yakubu a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Bangaskiya ita ce ka san wani har ka iya ɗora masa nauyinka. Kai ɗalibin noma ne, ka san binne. Zafin bazara ya kai matuƙa, iska ta juyo, shamuwa ta sauka a kan kuka, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Ko ɗigo bai sauka ba. Manomi ya buɗe rumbu ya ɗebi irin geron da ya hana 'ya'yansa ci tun kaka, ya je ya zuba shi cikin busasshiyar ƙasa. Wanda bai san noma ba zai ce hauka ne. Amma ba a watan sanyi ya yi ba, ya karanta alamu, ya tuna shekarun baya, hankalinsa ya yi aikinsa har ƙarshe. Abin da hankali bai iya yi masa ba shi ne ya buɗe tafin hannu ya saki irin. Wannan sakin shi ne bangaskiya. Na san misalin yana da iyaka, don ruwa yakan yi latti binne ya lalace, alhali wanda muke dogara gare shi ba girgije ba ne. Amma ka riƙe wannan: karanta alamu da sakin iri ba abokan gaba ba ne, aikin manomi ɗaya ne.

Littafin da kansa ba ya gudun mai bincike. Luka ya buɗe bishararsa da cewa ya bi diddigin kome tun daga farko, wurin waɗanda suka gani da ido, don Tiyofalas, wanda ya rubuta wa littafin, ya san tabbacin abin da aka koya masa. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 saboda ba su haɗiye wa'azin Bulus haka nan ba, kullum sai sun koma Littattafai sun duba ko haka ne. Bulus kuma a 1 Korintiyawa 15 ya ajiye maganar a fili: in Almasihu bai tashi daga matattu ba, bangaskiyarku banza ce. Ya lissafta shaidu, har ya ce akwai fiye da mutum 500 da suka gan shi, yawancinsu suna da rai a lokacin da yake rubutu. Mutumin da yake tsoron a bincike shi ba ya cewa ga shaidu can, je ka tambaye su. Toma ma, almajirin da ake yi wa gori don ya ce sai ya gani zai yarda Yesu ya tashi, Yesu bai kore shi ba, hannuwansa ya miƙa masa. Da ya ce masu albarka ne waɗanda ba su gani ba suka ba da gaskiya, mu yake nufi, mu da muka dogara ga shaidar waɗanda suka gani. Dogara ga amintaccen shaida kuwa aikin hankali ne, haka alƙali yake yi kullum. Babbar doka ma ta ce ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan hankalinka. Yaya za ka ƙaunace shi da abin da ka bari a bakin ƙofa?

Game da kwana shida, ba kai ne farkon wanda ya tsaya a wurin ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ɗan Afirka kamarmu, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura cewa sai a rana ta huɗu aka halicci rana, ya tambaya to waɗanne irin kwanaki ne ukun farko. Har ya gargaɗi masu bi kada su riƙa faɗin shirme a kan sama da ƙasa da taurari a gaban waɗanda suka san abin, suna jingina shi ga Littafi, domin hakan yana sa a raina Littafin. Masu bi na gaske sun rabu a kan wannan har yau, akwai masu riƙe kwana shida irin namu, ina kuma cin jibin Ubangiji tare da su da zuciya ɗaya. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne Farawa tana gaya mana wanda ya yi da dalilin yi, ta rushe bautar rana da wata da itatuwa irin wadda kakanninmu suka yi, ba ta zo ta maye gurbin ajinku ba. Ilimin gadon iri da kuke karantawa, wanda da shi ake fitar da gero mai saurin nuna, Mendel ne ya kafa tushensa, malamin coci ne, a lambun gidan ibadarsu ya yi ta gwaji da wake har ya bayyana sakamakon a 1865. Ba na ɓoye maka cewa ikilisiya ta taɓa yin kuskure a nan. An hukunta Galileo, masanin taurari, a 1633 saboda ya ce duniya ce take kewaya rana, gaskiya kuwa tana wajensa.

Abin da ya fi ci mini rai ba gardamar shekarun duniya ba ce, abin da na gani a wurin aiki ne. Wata rana da la'asar aka shigo mini da yarinya 'yar shekara huɗu a kafaɗar ubanta, idonta ya kakkafe, tafin hannunta fari fat kamar takarda. Zazzaɓin cizon sauro ne. Kwana biyar tana kwance a wani gidan addu'a, an ce wa uwar in ta ba ta magani ta nuna rashin bangaskiya. A jikin zanen uwar akwai 'yar kwalbar man zaitun da aka sayar mata. Na yi mata allura, na sa aka nemo mota zuwa babban asibiti don ƙarin jini, ba su kai ba. Maganin da zai tashe ta a rana ta farko yana nan a kan kantata, kuɗinsa bai kai na kwalbar man ba. Wannan ba bangaskiya ba ce, gwada Allah ne. Shaiɗan ya ɗora Yesu a kan ƙololuwar Haikali, ya ja masa aya, ya ce ya faɗo. Yesu ya ƙi. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Cutar da iyayenmu suka sa wa suna shan inna don sun ɗauka iska ce take shanye ƙafar yaro, ɗigon rigakafi ne ya kore ta, har aka tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Na gode wa Allah a kan wannan ɗigon kamar yadda nake gode masa a kan ruwan sama.

Amma kada ka ɗauka ina cewa hankali yana kai mutum ko'ina. Ina da amini Musulmi, tare muka yi firamare, ranar kasuwa mukan zauna a rumfarsa. Ya sha tambayata yadda uku, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, zai zama ɗaya, da mutunci yake tambaya, da mutunci nake amsawa. Nakan ce masa ba mu ce alloli uku ba, ba mu kuma ce uku ɗin da ɗayan ta fuska guda ake ƙirga su ba, da hakan ne da mun yi wa lissafi ƙarya. Daga nan sai in kai inda bakina ya tsaya, in ce masa na tsaya. Toma Akwinas, babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya karanta masanan Musulmi Ibn Sina da Ibn Rushd da kyau, ya kuma bambanta abu biyu: akwai abin da ya fi ƙarfin hankali, akwai abin da ya saɓa wa hankali. Na farko mai bi yana karɓarsa da tawali'u. Na biyu ba a ɗora wa kowa shi ba.

A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar Kano, 'yata ta biyu ta kamu. Ni ne malamin asibiti, na gane alamun tun a daren farko, wuyanta ya sandare, ba ta son haske. Ban yi jinkiri ba, ta sami allura a kan lokaci, zumuntar mata suka kwana a tsakar gidanmu suna addu'a. Yaran da na yi wa allura iri ɗaya a mako ɗaya suna nan yanzu da 'ya'yansu. Ita ta tafi a kwana na uku. Na san sunan ƙwayar cutar, na san yadda take kama rigar ƙwaƙwalwa, sanin nan bai amsa mini kome ba. Na wayi gari da tambayar Baba a bakina, ita ɗin dai. Bambancin shi ne ni ba wanda ya ce mini ba a tambaya. Na yi wata huɗu ba na iya waƙa a sujada. Zabura nake buɗewa, in tarar Dawuda yana cewa har yaushe, in tarar Yesu da kansa a kan gicciye yana cewa don me ka yashe ni. Addu'ata duka a lokacin ita ce ta mahaifin yaron nan a Markus 9: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Ban sami dalili ba har yau. Abin da ya riƙe ni shi ne na riga na bincika maganar kabarin Yesu da aka tarar babu kowa tun ina saurayi, na gamsu da ita, ranar da zuciyata ta kasa sai ta sami wurin jingina.

Shi babban da ya katse ka, kada ka raina shi, kada kuma ka mayar masa a gaban yara. Mai yiwuwa tsoro ne, ya ga 'ya'yan wasu sun tafi makaranta ba su dawo sujada ba. Ka same shi a gida da yamma, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Baba ba gardama na kawo ba, so nake in gane. Ka kai tambayar wurin fasto ma. Ka sayi ɗan littafin rubutu ka riƙa ajiye tambayoyinka da kwanan wata, za ka ga wasu sun warware bayan shekara biyu, wasu suna nan. Ka fara da bisharar Luka, ka karanta ta daga farko har ƙarshe a cikin mako ɗaya, sa'an nan 1 Korintiyawa 15. In ka gama ka rubuto mini abin da ya tsaya maka a wuya, in na sani in faɗa maka, in ban sani ba mu nema tare. Ka gaida mutanen gida.