Za a bar ni in shiga Haikalin Zinariya na Amritsar?

Malam, ka ce za ka raka mahaifinka asibiti a Delhi, kana tambaya ko Musulmi zai iya ziyartar wuraren ibadar Sikh da na Hindu. Allah ya ba Baba lafiya.

Na Sikh ba ka da damuwa. Harmandir Sahib, wato Haikalin Zinariya da ke Amritsar, a jihar Punjab, ƙofofi huɗu gare shi, alamar cewa ba a korar kowa, ko wane addini yake bi. Daga Delhi kusan awa shida ne a jirgin ƙasa mai sauri. Za ka cire takalmi, ka wanke ƙafa a ruwan da ke bakin shiga, ka rufe kai, kuma kada ka kuskura ka shiga da taba. Ginin yana tsakiyar tafki, sarkin Sikh Maharaja Ranjit Singh ne ya sa aka lulluɓe samansa da zinariya a ƙarni na 19. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne langar, wato ɗakin girkin da ke ciyar da dubban mutane kyauta kullum, mai kuɗi da talaka a zaune a ƙasa, sahu ɗaya. Babu nama a ciki, sai irin su gurasa da miyar wake.

Na Hindu kuwa sai ka yi tambaya tukuna. Haikalin Jagannath da ke Puri ba ya karɓar wanda ba Hindu ba. A Varanasi kana iya shiga kwalekwale a Kogin Ganga ka kalli bikin fitilu da magariba, amma ka ajiye waya, kada ka ɗauki hoto idan kun iso Manikarnika, inda ake ƙona gawa. Mutanen da ke wurin makoki suke yi.