Me ya sa perf ke ba ni amsa biyu a Intel da ARM?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jidda. Na rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura a Linux, na auna shi a laftof mai Intel da perf, manhajar da ke auna aikin furosesa, ya nuna mini inda lokaci ke tafiya. A Raspberry Pi 4 kuwa, ƙaramar kwamfuta mai furosesan ARM, sai ya tara kusan komai a kan aiki guda mai suna _raw_spin_unlock_irqrestore. Allon na Pi ne ya lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, allonka lafiya lau. Matsalar tana wurin kiran gaggawa, wato siginar da na'ura ke aika wa furosesa ta ce ajiye abin da kake yi, ka saurare ni.

Kanel, wato zuciyar Linux, yakan toshe waɗannan kiraye-kiraye idan ya shiga aikin da ba ya son a katse shi, kamar mai shago da ya ja ƙofa lokacin salla: duk wanda ya zo sai ya tsaya a waje. To, shi perf da irin wannan kira yake leƙa abin da furosesa ke yi. A x86, tsarin furosesan Intel, yana shiga ta NMI, kiran da cli, umarnin toshe kiraye-kiraye, ba ya iya toshewa, don haka yana gani har cikin wurin da aka rufe. A ARM64, tsarin Pi ɗinka, kira ne na yau da kullum, sai an buɗe yake samun shiga. Layin da ya tarar ana buɗewa, wato _raw_spin_unlock_irqrestore ɗin da ka gani, shi yake ɗora wa laifin, alhali ɓarnar lokacin ta faru can baya.

Tun Linux 5.1, a 2019, an samar wa ARM64 wani NMI na dabara da ke aiki da matakan fifiko na GICv3, tsari na uku na na'urar da ke rarraba kiraye-kirayen. Sai dai Pi 4 GIC-400 gare shi, tsohon tsari na biyu, wannan hanya ba taka ba ce. Ka koma ga ftrace, mai bin sawun ayyukan kanel, ka kunna sashensa na irqsoff. Zai faɗa maka toshewa mafi tsawo da inda ta fara. Harafin d a layin rahoto na nufin kiraye-kiraye a toshe suke.

Wani tarko kuma, tunda direba kake rubutawa: a x86 idan alamar IF ta zama 1, kiraye-kiraye a buɗe suke; a ARM64 idan alamar I ta cikin rajistar DAIF (ƙaramar ma'ajiya a furosesa) ta zama 1, a toshe suke. Kada ka karanta rajistar da kanka, ka kira irqs_disabled() ya faɗa maka ko a toshe suke.