Sai na sayi MacBook kafin rasit ɗina ya fito daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin shagon yayana a kasuwar Mile 12. Na rubuta ɗan sikirif (jerin umarni ga kwamfuta) na Bash da ke fitar da rasit, ina gudanar da shi ta manhajar Git Bash a kan Windows. Kowane layi sai na sa masa echo nasa, wato umarnin da ke buga rubutu, abin ya zama kwamacala. Abokina ya ce in je Computer Village a Ikeja in sayi MacBook tokumbo. In saya? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka saya, ɗan'uwa, bar kuɗin nan a jari. Ko ka sayi MacBook ɗin, tarin echo ɗinka zai biyo ka can. Abin da kake nema shi ne hiyadok (heredoc), dabarar fitar da layuka da yawa da umarni ɗaya. Tana cikin shel, wato manhajar da ke karanta umarni irin su Bash, tun shel ɗin Bourne na 1979, kuma Git Bash ɗinka ya san ta sarai:

cat <<KARSHE
Shagon albasa, Mile 12
Rana: $(date +%F)
Jimla: N$jimla
KARSHE

Duk abin da ke tsakanin KARSHE na sama da na ƙasa zai fito yadda ka tsara shi, layi bayan layi, shel kuma zai cike gurbin $(date +%F) da kwanan wata, na $jimla da adadin da ka ajiye. In fayil kake so, fara da cat > rasit.txt <<KARSHE.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne alamar dala. Shel na ɗaukar $ a matsayin kiran wata ƙima da aka ajiye. Ka rubuta $50 a ciki, sai ya karanta $5, in ya tarar babu komai, ya bar maka 0 kawai a rasit. A harkar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, rigima ce da kwastoma. Maganinsa, ka rubuta \$50. In kuwa rubutun duka ba ya buƙatar cike gurbi, ka sa KARSHE na sama cikin alamar zance, <<'KARSHE', komai zai fito yadda yake, har $jimla ɗin ba za a taɓa ta ba.

KARSHE na ƙasa kuma ya tsaya shi kaɗai a farkon layi, ba fili gabansa ko bayansa, in ba haka ba shel zai haɗiye sauran sikirif ɗin yana neman ƙarshe. In kana son tura rubutun ciki don kyan gani, yi amfani da <<-, amma ka sani tab kawai yake sharewa, bai kula da filin da ka buga da sandar tazara.