Kumburin ido bayan ciwon maƙogwaro

'Yar'uwa, kin ce yaronki ya warke daga ciwon maƙogwaro sati biyu ke nan, yanzu kuma yana tashi da safe idanu a kumbure, fitsarinsa kamar ruwan shayi, kina tambaya ko shawara ce. Da wuya. Shawara ido take mayarwa ɗorawa, ba ta cika kumbura shi ba. Wannan ya fi kama da kumburin ƙoda, don haka ki kai shi asibiti yau, ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko wanda ya fi kusa, a gwada fitsari, a auna jininsa ko ya hau.

Ƙwayar cutar streptococcus, mai sa ciwon maƙogwaro da ƙurajen fata, ita ce ke jawo shi. Garkuwar jiki tana yaƙarta, sai rikicin ya taɓa matatar ƙoda, sati 1 zuwa 3 bayan maƙogwaro, ko har sati 6 in ƙurajen fata ne. Ɗan ƙanwata a Tudun Wada ya yi shi bayan ƙazwar da ya sosa ta yi ruwa. Likita ya danna masa yatsa a ƙwauri, ramin ya ƙi tashi. Aka yanke masa gishiri da Maggi, ya yi ta ƙunci a kan tuwo lami, amma cikin makonni kumburin ya sace, kuma yawancin yara haka suke warkewa sarai. Kada dai ki saya masa ibuprofen ko diclofenac a kemis, suna ƙara wa ƙoda nauyi. In fitsari ya ragu ƙwarai, ko ciwon kai da amai ko jijjiga suka zo, ko da tsakar dare ne ku tafi.